Hatimin Baba Hamani

Saratu, Iliya, Dauda, kun taso kuna jin ana cewa uwarku ce ta tada ordinater, wato kwamfuta, ta farko a ma'aikatarmu bayan kowa ya kasa. Ubanku ya sha ba ku labarin nan a kan tabarma kafin ya riga mu gidan gaskiya, ku kuma kun ba jikokina, kowa ya ƙara nasa gishirin, har na ji ƙaramar Saratu tana cewa wai sojoji sun tafa mini. Ba wanda ya tafa mini. Gaskiya ne ni na tada na'urar, amma rabin labarin kuka sani. A kan na'urar nan sai da aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, kuma mu biyu ne a tsaye gaban soja: ni da wani dattijo mai suna Baba Hamani. Wannan rabin nake so in rubuta muku tun hannuna bai fara rawa ba.

Shekarar ce damina ta ƙi. Gero ya bushe a tsaye bai yi kai ba, kogi ya ja baya har yashi ya fito a tsakiyarsa. Sojoji ke mulki, a biro kuwa, wato ofis, da rabin baki ake magana. Muna zaune a unguwar Maourey, ɗaki biyu da rumfa, sai ga dangi daga Dogon Dutsi sun fara sauka: Inna, uwar ubanku, ta fara zuwa, sannan ƙanenta da matansa, sannan waɗanda ma sai an yi mini dogon bayani kafin in gane ta ina muka haɗu. In za ka ratsa tsakar gida da safe sai ka duba inda za ka sa ƙafa. Ubanku Yakubu mushe ne a lakwal, wato malamin makaranta, ni kuma ina buga mashin a ma'aikatar da ke tsara rabon hatsin taimako, wane gari, wace kamyo, wato motar kaya, wace rana. Aikinsa da nawa su ne duwatsun murhun gidan, kuma kowa ya san tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya.

Da aka ji masu ba da taimako za su aiko mana ordinater, ni aka tura horo na ƴan makonni, don na fi kowa saurin hannu. Na dawo kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Ina tafiya a baranda da littafin na'urar a hammata, ina amsa gaisuwa da ka. Na'urar ta iso ran Asabar, sabuwa fil a kwalinta. Ku da kuka saba taɓa waya ta amsa muku, bari in yi muku bayani. Ordinater ta lokacin tana zuwa ne cikinta wayam. Sai an sa mata wani faifai baƙi mai laushi da ke cikin riga mai kusurwa huɗu, ana ce masa disket, shi ke ɗauke da sistam ɗin da ke tada ta. In ta tashi da shi, sai a kwafe sistam ɗin a babban faifan da ke cikinta, daga nan ta riƙa tashi da kanta. Disket biyu aka aiko, na aiki da na ajiya, kowanne a cikin ambulan ɗinsa na takarda mai santsi.

Baba Hamani shi ne magaziniyenmu, mai riƙe da makullan ɗakin kaya. Bazabarme ne daga Saga, dogo, mai furfura a gemu, saura ƴan watanni ya yi ritaya. Hausarsa ta kasuwa ce, wani lokaci ya ce mini kai, wani lokaci ke, amma ɗiyata yake kirana tun ranar da na fara aiki. Tun da sojoji suka kafa doka cewa duk kayan gwamnati sai an ba shi lamba an buga masa hatimi kafin a taɓa shi, Baba ya riƙe dokar nan kamar salla. Kujera, fanka, kwandon shara, har tsintsiya sai da ta sami lamba. Yana da hatimi iri biyu, na tawada da wani na ƙarfe mai baki kamar awartaki, wanda ake matse takarda da shi tambari ya fito a kumbure ba tare da tawada ba. A ran Asabar ɗin ina zaune ina buɗe littafi, Direkta yana tsaye a kaina yana kallo, ni kuma ina so ya ga na san abin da nake yi, sai Baba ya leƙo.

"Ɗiyata, waɗanga baƙaƙen guda biyu, tawada ba ta kamawa bisa ambulan nasu. Yaya za ni yi?"

"Baba, don Allah yi yadda ka saba," na ce. "Ka ga ina da aiki."

Ko kai ban ɗaga ba. Ya ce to, ya ja ƙofa a hankali don kada ya dame ni.

Ran Litinin ma'aikata suka cika ɗakin don a ga abin mamaki. Na sa disket, na rufe ƴar ƙofarsa, na kunna. Fanka ta ɗauka, lambobi suka yi ta gudu a allon, na'urar ta yi ƙara sau ɗaya, jar fitila ta kama, aka ji tana gurnani kamar ana niƙa da ƙaramin dutse. Sai ga rubutu da Faransanci: faifan ba ya karantuwa, a sa wani a danna maɓalli. Na yi murmushi na ce haka take yi da farko. Na fitar, na mayar, na danna. Rubutun nan ya dawo. Na kashe, na ƙirga ashirin a zuci yadda aka koya mana, na kunna. Ya dawo. Mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, masu tausayi ba su dube ni ba, marasa tausayi suka dube ni da kyau. Da la'asar Kapiten ɗin da aka ɗora a kan ma'aikatar ya shigo. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro. Ya karanta rubutun da ke allon, ya dube ni.

"Madam, ke anka kai horo?"

"Ni ce, mon kapiten."

"Alhamis ƙarhe takwas ina dawowa. Ko ta tashi, ko a gaya mini wanda ya hana ta tashi. Kayan gwamnati ba shi lalacewa shi kaɗai."

A shekarar nan kalma ɗaya ce ake tsoro, sabotaj, wato zagon ƙasa. Wanda aka liƙa masa ita, jandarma ke raka shi, in ya dawo kuma babu aiki babu suna. Direkta ya bi Kapiten har mota yana rusuna, ya dawo ya ce mini shi dai malamin takarda ne, bai san komai game da wuta ba, in yi abin da zan yi.

Ran Talata tun da sanyin safe na iso, don na yi zaton zafi ne ke damun ta. Na gwada disket na biyu, sai ga ta ta tashi, ta tambaye ni kwanan wata. Na buga mata. Na shirya babban faifan, na fara kwafe sistam, ta yi nisa, sai gurnanin nan ya canza, ta tsaya, ta ce ta kasa karantawa. Na cire disket na kunna ta ita kaɗai ko abin da ya shiga ya isa, ta ce ba ta sami sistam ba. Na mayar da disket ɗin, wannan karon ko kwanan watan ba ta tambaya ba. Na bi littafin shafi shafi. Na duba maɓallin ƙarfin wuta da ke bayanta, daidai yake. Na canza wurin da aka jona ta, na sa aka kashe fanka da firij na ofishin Direkta ko wutar ce ba ta isa. Na roƙi wata nas ƴar majami'armu ta aiko mini alkol na wanke ciwo da auduga, na goge kan da ke karanta faifai. Da na ce zan buɗe cikinta in duba wayoyi, Direkta ya ce sai da takardar izini, na ce to ya sa hannu, ya ce alƙalaminsa ba ya rubutu. Na kwance ta ba izini, shi yana bakin ƙofa yana gadin baranda. Na zare kowace waya na mayar, na danna kowane kati ya zauna. Na rufe, na kunna, rubutun nan ya dawo kamar yana yi mini dariya. Ranar ban ci komai ba, kuma tsoro na ji.

Ran Laraba da azahar dabara ta ƙare mini. Na ɗauki disket ɗin na je bakin taga, ba don na zargi wani abu ba, don dai in rasa abin yi da hannuna. Na karkata shi ga haske ina juya faifan ta ƴar kafar da ke jikin rigar. Sai na ga wani zobe, siriri, ya lotsa a jikin faifan. Na shafa rigar da yatsa na ji shi a kumbure. Na koma tebur na ɗauko ambulan ɗin da na jefar gefe tun Litinin, ga tambarin ma'aikata ɓaro-ɓaro a tsakiyarsa, da lamba a ƙasa da kyakkyawan rubutun Baba. Ya matse ambulan ɗin da hatimin ƙarfe, disket yana ciki. Na duba na biyu, shi ma haka, sai dai ya ɗan kauce gefe, shi ya sa ya tashi ya mutu a hanya. Na zauna. Kafin in gama tunanin abin da ya yi, maganata ta ran Asabar ta dawo mini a kunne, kalma kalma. A lokacin ne ya shigo da kofin ruwan sanyi, ya fito daga salla. Na tura disket ɗin ƙarƙashin littafi.

"Ɗiyata, ta tashi? Na roƙa maka Allah. Kala suru, haƙuri, komi yana da rana tai."

Na karɓi ruwan na ce na gode, Baba. Ban gaya masa komai ba.

Da yamma bayan an raba tuwo na ja ubanku da Inna cikin ɗaki na faɗa musu duka, har da maganata. Inna ba ta ɓata lokaci ba.

"Ki jehwa su masai, ɗiyata. A ce ɓera ya ja."

Na ce ba zai yiwu ba, suna da lamba a rajista, Baba da hannunsa ya rubuta, in sun ɓata sata ce kuma. Sai ubanku ya juyo gare ni.

"Rahila, ki hwaɗi gaskiya. Shi ya buga, ke kinka ce shi yi. Rashin sani ne, ba mugunta ba. In kun ɗauki kayan ku biyu, ba shi karya wuyan kowa."

"Kai mushe ne," in ji Inna. "Ka saba da yaran da ka amsa laihi a yi musu bulala biyu a sallame su. Wanga soja ne. Ita anka kai horo, ita za a ce ta shina. In an kore ta, waɗanga da ke tsakar gida mi za su ci? Alli?"

"Inna, dattijon ma yana da gida," in ji ubanku.

"Kowa yana da gida. Ni nawa ni ka gani."

Na ji haushin ubanku ranar, don ya faɗi gaskiya kuma ba shi za a tsayar gaban Kapiten ba. Na ce masa wa'azi ya ishe ni haka, in yana so ya taimake ni ya hau mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya je wurin Daniyel. Daniyel ɗan Maradi ne, muna majami'a ɗaya, yana aiki da wasu Turawa masu haƙar rijiyoyi, kuma na taɓa jin suna da irin na'urarmu. Ubanku ya tafi ba gardama. Ya dawo ya ce disket ɗinsu yana biro, amma Daniyel ya yi alkawari zai kwafo mana da sassafe. Na ce wa kaina in na'urar ta tashi ba wanda zai tambayi komai, ba sai na zaɓa ba.

Daniyel ya cika alkawari. Ƙarfe bakwai na Alhamis na sa disket ɗinsa, na kunna. Ta yi ƙararta, jar fitila ta kama, gurnanin ya tafi sumul ba gargada. Ta tambayi kwanan wata. Na sake shirya babban faifan tun daga farko, na kwafe sistam, na cire disket, na kashe, na kunna ta ita kaɗai. Ta tashi. Na kashe na sake kunnawa har sau uku don ban yarda da idona ba. Da Kapiten ya shigo da jandarma ɗaya a bayansa, sunayen garuruwa na farko suna kan allo. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Har ya juya zai fita, sai ya tsaya.

"Mi ya hana ta tashi kwana uku?"

Direkta ya yi caraf ya ce ai disket ɗin da aka aiko ne ba su da kyau, yau ɗin nan zai rubuta wa masu taimakon takarda. Da ya yi shiru da ƙila an wuce wurin. Kapiten ya ce ba a zargin baƙi da baki kawai, a kawo disket ɗin ya gani. Na miƙa masa. Ya juya ambulan ɗin, ya zaro faifan, ya shafa da babban yatsa, ya sake duban ambulan. Ya ce a kira magaziniye. Baba ya shigo yana gyara hula, ya gaishe da kowa. Aka nuna masa, aka yi masa bayani. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ta faɗa kamar an zare mata wani abu. Sai Kapiten ya juyo gare ni.

"Madam, ke kinka san darajar abin ga. Kin san za a buga mishi hatimi? An tambaye ki?"

Ina da lokacin da zan faɗi gaskiya, kada wani ya ce muku an ruɗe ni ne. Na ga tsakar gidanmu, na ga Inna, na ga jandarman da ke bakin ƙofa. Na kafa ido a kan maɓallan da ke gabana.

"Ban sani ba, mon kapiten."

Na ji Baba ya ja numfashi. Na jira ya ce ƙarya nake yi, har na fara shirya abin da zan mayar masa, wannan ma ku sani.

"Ni na buga," in ji shi. "Ba wanda ya sa ni."

Ya ciro makullan ɗakin kaya daga aljihu ya ajiye a tebur, ya bi jandarma. Ya kwana biyu a hannunsu kafin a gane tsoho ne mai bin doka fiye da kima, aka sake shi, amma aka kore shi, ritayar da yake jira ta bi ruwa. Ni kuwa aka ba ni ɗaki da sunana a ƙofa. Inna ta yi guɗa. Ubanku ya dube ni sau ɗaya da na dawo, ya gane, bai taɓa tada maganar ba har ya mutu. Daga baya ma shi ya fara ba ku kyakkyawan rabin labarin, ina jin don ya ga ba na iya barci ne.

Da fari ya wuce, Baba ya riƙa kawo shinkafar Saga yana sayarwa a bakin Babbar Kasuwa. Na san ƙofar da yake zama. In na hango farin gemunsa sai in ratse layin ƴan atamfa in fita ta wata ƙofa, ko da kuwa abin da na zo saya yana kusa da shi. Kunya ce, kuma kunyar da aka bari tana tsufa tare da mai ita. Haka na yi shekara da shekaru, har ya daina zuwa. Sai ranar da aka miƙa mini takardar tawa ritayar, na riƙe ta a hannu na kasa kai ta gida. Na shiga taksi na ce Saga. Aka nuna mini shi a gindin wata bishiya a bakin fadama, yana zaune kan tabarma yana korar tsuntsu da gwangwani a igiya. Idonsa ya yi rauni, amma ina yin sallama ya ɗago.

"Madam Rahila. Fofo. Ɗiyata, kai ne?"

Na durƙusa a ƙasa, ban tsaya doguwar gaisuwa ba don kada ƙarfina ya ƙare.

"Baba, ka tambaye ni ran Asabar ɗin nan. Ni na ce ka yi yadda ka saba."

"Na sani. Ai ni ma ina wurin."

"To mi ya sa ba ka hwaɗa ba?"

"Gidanki cike da baƙin yunwa, kowa ya sani. Ni ina da hwadama. In an kore mu mu biyu, mi anka samu?"

Sauƙaƙa mini yake yi. A shekarar nan fadamarsa tsagewa ta yi, na sani, kowa ya sani. Na fara kuka, ya bar ni na yi. Ya ja igiyarsa, gwangwanaye suka yi ƙara, tsuntsaye suka tashi.

"Wancan ni na zaɓa, ba ki ƙwace mini ba," ya ce. "Na bar shi ga Irkoy, ga Allah, tun ran nan. Amma abu guda ban gane ba. Shekara nawa ina bakin kasuwa, in na hango ki sai in gyara zama, in ce yau ɗiyata za ta zo mu gaisa. Sai in ga kin shiga layin atamfa. Kullum ina tambayar kaina, mi na yi mata?"

Ya matsa gefe, ya kakkaɓe tabarmar da tafin hannunsa, ya ce in tashi daga ƙasa in zauna.